Babi na Bakwai: Daƙiƙa Talatin na Shiru a Gaɓar Wallops

A gabashin jihar Virginia ta ƙasar Amurka akwai wani siririn zirin ƙasa da ya miƙe tsakanin mashigin ruwan Chesapeake da Tekun Atlantika. Yanki ne na manoman masara da waken soya, da masu kiwon kaji, da masunta, babu babban birni, babu dogayen benaye. Wanda ya bi hanyar mota mai lamba 175 zuwa tsibirin Chincoteague, inda baƙi ke tururuwa don ganin ƙananan dawakan da ke kiwon kansu a bakin teku, zai wuce wani filin jiragen sama da manyan farantan sadarwa farare tas, sun ɗaga fuska sama. A tsallaken titi kuma akwai wani gini madaidaici, an jera tsofaffin rokoki a farfajiyarsa. Wannan ita ce cibiyar baƙi ta tashar Wallops, mallakar hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, wato NASA. Cikin sa'a ɗaya ko biyu mutum zai zagaye ta kaf: ɗakin baje koli mai ɗauke da samfuran taurarin ɗan'adam, da gutsuren dutsen da 'yan sama jannatin Apollo suka ɗebo daga duniyar wata, da wani dandali a saman ginin inda ake tsayawa a hangi fadama har zuwa tsibirin da ake harba rokoki. An yi shekara da shekaru ana shiga ba tare da biyan ko sisi ba.

Duk wanda ya auna wurin da ma'aunin girma zai raina shi. Amma abin da wannan babi ya tsaya a kai shi ne, irin wannan 'yar cibiya, da filin ciyawar da jama'a ke zama su kalli tashin roka, su ne ƙofar da ilimin sararin samaniya ke bi ya koma hannun mutanen da aka yi aikin da harajinsu. Ilimin da aka kulle a bayan shinge, ba mai ganinsa sai mai katin shiga, yakan rikiɗe ya zama jita-jita a bakin talaka. Wani ya gaskata bai fahimta ba, wani ya ƙaryata bai bincika ba. Har yau akwai masu rantsuwa cewa ba wanda ya taɓa taka wata, kuma a cikin Amurkawa kansu ana samun su. Hausawa sun ce gani ya kori ji, kuma da wuya a sami fagen ilimin da ya fi bukatar wannan magana kamar wanda ake gudanar da shi a can nesa, ɗaruruwan kilomita a saman kawunanmu.

Tarihin wurin kansa shaida ne cewa da ƙanƙani babban aiki ke farawa. A 1945, yaƙin duniya na biyu na dab da ƙarewa, injiniyoyin cibiyar bincike ta Langley suka ci karo da matsala: bututun iskar da suke gwada siffar jiragen sama a cikinsa ba ya ba da sahihin sakamako idan gudun iskar ya kusa kai gudun sauti. Dabarar da suka ɓullo da ita ita ce su ɗaura samfurin jirgi a kan roka, su harba shi ta saman teku, su bi shi da na'urar rada suna awo. Wallops ya dace da wannan aiki, domin tsibiri ne da kusan ba kowa, gabansa kuma ruwa ne iya ganin ido. Ranar 4 ga Yuli, 1945 aka harba rokar bincike ta farko mai suna Tiamat, shekara 13 kafin a kafa NASA ita kanta. Robert Gilruth, wanda ya jagoranci aikin, shi ne daga baya ya shugabanci shirin Mercury da ya kai Ba'amurke na farko sararin samaniya, kuma shi ke riƙe da cibiyar NASA ta Houston lokacin da aka sauka a kan wata a 1969. A kan wannan rairayin aka gwada hanyar kuɓutar da ɗan sama jannati idan roka ta samu matsala, da wata gajeriyar roka mai suna Little Joe. Ranar 4 ga Disamba, 1959 ta ɗaga wani biri mai suna Sam sama da kilomita 80, aka tsamo shi daga teku da ransa. A Fabrairun 1961 Explorer 9 ya zama tauraron ɗan'adam na farko da ya shiga falaki daga Wallops. Daga 1945 zuwa yau an harba rokoki fiye da 16,000 daga nan, akasarinsu ƙanana ne waɗanda ba kasafai jaridu ke kula su ba.

Ranar da za a harba babbar roka, tun da sauran sa'o'i filin ajiye motoci ke cika, waɗanda suka makara kuma su wuce Chincoteague su nemi wuri a bakin ruwa. Kowa da kujerarsa ta ninkewa, da madubin hangen nesa, da maganin sauro, domin sauron fadamar nan ba ya raga wa kowa. Lasifika na kawo muryar masu kula da harbin suna ƙirga lokaci a juye, har a zo goma, tara, takwas, jama'a su karɓa baki ɗaya. Dandamalin harbin yana da nisan kusan kilomita 11. Da ƙirgen ya ƙare sai haske ya ɓarke a gindin sama kamar gari ya waye lokaci guda, farin gajimare ya turnuƙe, rokar ta fara ɗagawa a hankali kamar tana jan nauyinta da ƙyar. Amma ba a jin komai. Idanu na kallon wuta, kunnuwa na sauraron kukan tsuntsayen fadama. Sai an yi kusan rabin minti sannan rugugin ya iso, ya taho ta kan ruwa yana ƙaruwa, har mutum ya ji shi a ƙirjinsa. A cikin wannan shirun akwai darasin da malami zai yi mako yana rubutawa a allo: haske na keta kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya, sauti kuwa mita 340 kawai yake ci. Yaron da ya saba ganin walƙiya kafin jin tsawa bai taɓa tambayar dalili ba, a nan zai tambaya, domin ya ga inda abin ya taso, ya kuma ƙirga daƙiƙun da bakinsa.

Tambayoyin ba su tsaya nan ba. Farin gajimaren da ya lulluɓe dandamali yawancinsa tururin ruwa ne. A gefen dandamalin rokar Antares akwai hasumiyar ruwa mai tsayin fiye da mita 90, wadda ke kwarara ruwa a ƙarƙashin injuna lokacin kunna su, domin ƙarar kanta, idan ta bugi kankare ta dawo, za ta iya yi wa rokar illa. Bayan ɗan lokaci kuma mai kallo zai lura rokar ta daina miƙewa sama sak, ta karkata ta nufi saman teku kamar za ta kwanta. Wanda bai sani ba sai gabansa ya faɗi, ya ɗauka ta saki hanya. Alhali a nan sirrin tafiyar yake. Hawa sama kilomita 100, inda aka saba cewa sararin samaniya ya fara, shi ne mai sauƙin. Mai wuyar shi ne samun gudun kwance na kusan kilomita 28,000 a sa'a, wanda da shi ne kumbo zai riƙa faɗowa yana kewaya duniya ba tare da ya taɓa ƙasa ba. Kusan duk man da roka ke ƙonawa don neman wannan gudun ne. Wanda ya ga karkatar da idonsa, aka kuma yi masa bayani a tsaye a wurin, ya fahimci ma'anar falaki fahimtar da ba ta gogewa.

Mai ja zai ce, ai duk wannan ana ganinsa a waya, har ma ya fi fitowa. Maganarsa da ƙamshin gaskiya. Kyamarar da aka ɗaura a jikin roka tana nuna abin da ba mai tsayuwa a fadama da zai gani, kuma NASA na watsa harbinta kai tsaye ga duk mai intanet. Sai dai allo yana cinye abubuwa biyu. Na farko girma: a fuskar waya, roka mai tsayin mita 40 da ƙwaron da ya sauka a kan gilashi tsawonsu ɗaya. Na biyu shaida: a zamanin da kwamfuta ke iya ƙera bidiyon abin da bai taɓa faruwa ba, hoto ya rage nauyi a matsayin hujja, amma abin da dubban mutane suka gani tare, kowa daga inda yake tsaye, ba mai iya ƙirƙirarsa. Daren 6 ga Satumba, 2013, da aka harba kumbon LADEE daga Wallops zuwa duniyar wata, mutane sun fito ƙofar gidajensu a Washington da New York da garuruwan da ke tsakani suna kallon ɗigon wuta yana ratsa sama. Ba wanda ya isa ya gaya wa waɗannan mutane cewa a ɗakin shirya fim aka haɗa shi.

Wani kuma zai ce, in dai gani ake so, ai gara a tafi babbar cibiyar Kennedy da ke Florida, inda aka kwantar da rokar Saturn V ɗungurungum, aka kuma rataye kumbon Atlantis da ya yi ta zirga-zirga zuwa sama. Babu mai musun cewa Kennedy ta fi kayan kallo nesa ba kusa ba. Amma tikitin shigarta dala gommai ne ga mutum ɗaya, kuma abin da take nunawa shi ne ƙarshen labari: nasarorin da aka riga aka samu, an goge su, an haska musu fitila. Baƙo kan fito daga can cike da mamaki, yana jin cewa wannan aikin wasu ƙattai ne da ba irinsa ba. A Wallops kuwa rokokin da ke farfajiya wasunsu ba su fi turken wutar lantarki kauri ba, mutum na iya tsayawa kusa da su ya ga ƙusoshi da wurin walda. Abin da yaro zai iya zagayewa da ƙafarsa, zai iya tunanin wata rana ya ƙera irinsa. Mamaki na sa mutum ya yi tafi, amma kusanci ne ke sa ya ce shi ma zai gwada.

Ƙaramar tasha kuma tana koyar da abin da babbar ke ɓoyewa, wato jira. Ƙashin bayan aikin Wallops shi ne ƙananan rokokin awo, waɗanda ba sa kewaya duniya. Sukan cilla sama, su yi 'yan mintuna a can, su faɗo, kuma amfaninsu shi ne isa wani sashen sama da ya yi wa balan-balan ɗin bincike nisa, ya kuma yi wa tauraron ɗan'adam ƙasa. Irinsu uku aka harba a jere ranar 8 ga Afrilu, 2024, lokacin kusufin rana, don a auna yadda saman iska ke sauyawa idan haske ya ɗauke farat ɗaya. A 2017 an shirya harba wata da za ta fesa tururi mai launi a can sama, domin masana su bi motsinsa da kyamara su gane yadda iska ke kaɗawa a wurin. Aka yi kusan wata guda ana sa rana ana ɗagawa: yau hadari ya rufe sama, gobe iska ta yi ƙarfi, jibi jiragen ruwa sun shiga yankin da aka hana shiga. Sai da asubahin 29 ga Yuni ta tashi, gajimare shuɗi da kore da ja suka bayyana, aka gan su daga New York har North Carolina. Waɗanda suka yi ta zuwa suna komawa hannu rabbana sun koyi gaskiyar aikin kimiyya fiye da wanda ya ga hoton a jarida washegari. Sun ga yadda injiniya ke fasa aikin da ya yi watanni yana shiryawa saboda sharaɗi ɗaya bai cika ba, ba tare da jin kunyar taron da ya tara ba. Mai haƙuri shi ke dafa dutse, kuma wannan tarbiyya ce da kowace sana'a ke bukata.

Darasi mafi nauyi ya zo ne a Oktoban 2014. Ranar 27 ga wata aka fasa harba Antares, wadda ke ɗauke da kumbon Cygnus cike da abinci da kayan gwaji zuwa tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, saboda wani ɗan jirgin ruwa ya shiga yankin haɗari. Washegari da yamma ta tashi, amma cikin daƙiƙu kaɗan ɗaya daga injunanta ya tarwatse, ta faɗo kusa da dandamali ta zama ƙwallon wuta a gaban idon jama'a. Ba wanda ya rasa ransa, ba wanda ya ji rauni. Waɗanda suka yi gunaguni jiya a kan jirgin ruwa ɗaya, da masu ƙorafin an ajiye su nesa, a ranar suka gane amfanin nisan kilomita 11. Bincike ya kai ga famfon da ke tura ruwan oksijin a cikin injin, injin kuwa tsohon ƙirar Tarayyar Sobiyet ne da aka yi tun shekarun 1970 aka gyara. Kamfanin da ya ƙera rokar ya sauya injuna, aka gyara dandamali, Antares ta sake tashi ranar 17 ga Oktoba, 2016. Hukumar da ke gayyatar jama'a su kalli aikinta ta yarda ke nan su ga faɗuwarta, kuma wadda aka ga faɗuwarta ba ta da damar ɓoye dalili. Wannan kaɗai ya isa hujjar buɗe ƙofa.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce ta fi ƙarfi a bakin masu suka. Suna cewa me ya kai gwamnati kashe kuɗi a ɗakin kallo alhali ga marasa lafiya da marasa aikin yi? Tambaya ce ta halal, amma lissafin bai goyi bayanta ba. Duk kasafin NASA bai kai kashi 1 cikin 100 na abin da gwamnatin Amurka ke kashewa a shekara ba, cibiyar baƙi kuwa ƙwayar gero ce a cikin wannan buhu. Duk da haka irinta ake fara duba idan aljihu ya matse, saboda amfaninta ba ya shiga jadawalin akanta. Wanda ya rufe ta ya tsira da 'yan kuɗi, ya yi asarar wurin da masunci zai ji cewa farantan nan da yake wucewa kullum su ke karɓo hotunan yanayi daga taurarin ɗan'adam, hotunan da ke gaya masa ranar da bai kamata ya fita teku ba. A nan zai ji cewa daga 2012 zuwa 2014 jirage marasa matuƙa sun riƙa tashi daga Wallops suna nazarin guguwar Atlantika, wadda da yawanta daga hadarin Afirka ta Yamma take samo asali, da yadda ƙurar Sahara ke shafar ƙarfinta. Mai biyan haraji da ya san abin da ake yi da kuɗinsa zai iya goyon baya da hujja, zai kuma iya ƙin yarda da hujja. Wanda aka bari cikin duhu ba ya iya ko ɗaya.

Akwai kuma damuwar da ba ta kamata a share ba: roka da makami mai linzami uwa ɗaya uba ɗaya suke. Rokar Minotaur da ta ɗauki LADEE zuwa wata, sassanta na ƙasa daga tsofaffin makaman Peacekeeper aka ciro su, waɗanda aka ƙera don ɗaukar nukiliya. Daga Wallops ɗin nan ana harba taurarin leƙen asiri na gwamnatin Amurka, kuma sojan ruwanta na da wurin aiki a tsibirin. Mai tsoron kada ɗakin kallo ya zama wurin wanke fuskar soja yana da dalili. Amma maganin wannan ƙarin bayani ne ga jama'a. Mutumin da ya san bambancin rokar awo da rokar kaya da makami shi ne zai iya tambayar wakilinsa a majalisa me aka harba, don me, da kuɗin wa. Jahilci bai taɓa hana gwamnati ƙera makami ba, sai dai ya hana talaka sa baki.

Ga mai cewa kallo ba ya mai da yaro masani, amsar ita ce gaskiya ne, kallo ƙofa ce kawai, sai an shimfiɗa hanya a bayanta. A Wallops an shimfiɗa. Tun 2008 ake gudanar da wani shiri mai suna RockOn, inda ɗaliban jami'o'i da malamansu ke zuwa a watan Yuni su yi kusan mako guda suna haɗa 'yan na'urorin awo da hannunsu. A ƙarshe a loda su a roka, a harba su sama da kilomita 100, su sauko da lema cikin teku, jirgin ruwa ya tsamo su, a miƙa wa kowane rukuni kayansa ya zauna ya karanta abin da na'urarsa ta auna. Tsakanin yaron da ke ƙirga daƙiƙu a kan ciyawa da ɗalibin da ke kwance na'urar da ta je sama ta dawo, 'yan shekaru ne kawai da malami nagari. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Wannan labari bai yi wa mai karatu a ƙasar Hausa nisan da yake zato ba. Shirin Mercury da aka gwada rokokinsa a rairayin Wallops yana da tashoshin bibiya a sassan duniya, ɗaya daga cikinsu kuwa a Kano take. Ranar 20 ga Fabrairu, 1962, da John Glenn ya kewaya duniya sau uku, tashar Kano na cikin waɗanda suka bi sawun kumbonsa. A Agustan 1963 Shugaba Kennedy da Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi magana ta waya ta tauraron Syncom 2. Yara nawa ne a makarantunmu aka taɓa ba wannan labari? Najeriya ta mallaki taurarin ɗan'adam tun NigeriaSat-1, wanda aka harba daga Plesetsk ta Rasha ranar 27 ga Satumba, 2003, sai NigComSat-1 daga Xichang ta ƙasar Sin a 2007. Dukansu a ƙasar wasu suka tashi, masu su kuma a rediyo suka ji. Ƙasar da ba ta da dandamalin harbi ba ta rasa abin nunawa ba: ɗaki ɗaya, da samfurin tauraro, da hotunan da ya ɗauko na gonaki da koguna da garuruwanmu, da ma'aikaci mai iya bayani da harshen da mutane ke ji, sun isa a fara.

Kafin hukumomi su motsa, akwai abin da ke hannun kowa. Tashar da kumbon Cygnus ke kai wa kaya tana shawagi a nisan kusan kilomita 400, tana kewaya duniya sau 16 a kwana ɗaya, kuma ana ganinta da ido ƙuru-ƙuru bayan magariba ko kafin asuba, kamar tauraro mai haske da ke tafiya ba ƙyaftawa. NASA na wallafa lokutan wucewarta kyauta a intanet. Mai karatu ya duba ranar da za ta ratsa saman garinsa, ya fito da 'ya'yansa da na maƙwabta tsakar gida, ya nuna musu ita da yatsa, ya gaya musu cewa akwai mutane a ciki, kuma mutane ne suka ƙera ta.